Shekarar da Sauro Ya Ƙi Mutuwa

A ƙarshen barandar sashen nazarin ƙwari, in ka wuce ofisoshin malamai da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, akwai wani ɗaki mai ƙofa biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Doka ce sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. Wanda ya manta, ko da farfesa ne, zai sha faɗa a wurin matar da ke ciki. Shekara ashirin da shida tana kiwon sauro a ɗakin nan, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Uwar Sauro don tsokana, ita kuwa ta karɓi sunan hannu bibbiyu.

Mutanen unguwarsu dariya suke yi in an ce musu aikinta ke nan a jami'a. Sauro dai, wanda kowa ke da shi kyauta a bayan gidansa? Ba ta tsayawa yi musu bayani, don ta gaji. Amma nata sauron ba irin na kwata ba ne. Zuriya ce guda wadda tun kaka da kakanni ba ta taɓa shaƙar maganin ƙwari ba. Sauron gari ya sha feshi ya sha hayaƙi har ya yi taurin kai, wani maganin ma ko gezau ba ya yi. Nata kuwa 'yan gata ne, da magani mai kyau ya taɓa ƙafarsu sai mutuwa. Amfaninsu ke nan. Duk malamin da ke son sanin ko maganin da ke jikin gidan sauro yana da ƙarfi, wurinta zai zo ya karɓi ɗari ya gwada. In sun mutu, gidan sauron lafiya lau. In sun tashi, gidan ne ke da matsala. Su ne ma'auni, kuma rabin binciken sashen a kansu yake tsaye.

Da wankin kwalabe ta fara aiki a jami'ar, tana da takardar sakandare da goyon fari a baya. A lokacin Farfesa, shugaban sashen na yanzu, ƙaramin malami ne mai siririn wuya da takalmi ƙafa ɗaya. Ya dawo daga karatu da ƙwan sauro a kan jiƙaƙƙiyar takarda, cikin wani ɗan gwangwani da ya ɓoye a aljihun gaba. Mutum biyu masu digiri suka gwada rainon tsutsar, duk ta mace musu. Ita da ke wanke tire ce ta lura ruwan da suke zubawa ya yi zurfi, abincin kuma ya yi yawa har yana ruɓewa. Ta faɗa a kunyace. Tun daga ranar aka bar mata ɗakin.

Ɗaki ne mai zafi da laima, kullum yana warin abincin kifi, wanda shi ake niƙa wa tsutsar. Tire-tire na ruwa a jere a kan kantocin katako, keji-keji na raga an lulluɓe su da jiƙaƙƙen tawul, a kan kowanne da auduga mai ruwan sukari. Macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. Don haka sau biyu a mako Uwar Sauro kan rufa wa keji baƙin ƙyalle don su zaci duhu ya yi, ta naɗe hannun rigarta, ta ɗora damtsen hagu a kan ragar minti goma. Hannun ya daina kumburi tun da daɗewa. Mijinta, wanda tela ne, yakan ce duk unguwar shi kaɗai ne matarsa ta yaye yara biyar ta koma shayar da ƙwari.

Malaman jami'a kuwa, Allah ya ba su ilimi, amma da yawansu ya rage musu lura. Mutum zai leƙo ya ce, "A ba ni mata ɗari biyu zuwa ranar Alhamis," kamar ya aiki yaro kanti. In takardar bincike ta fito, sunaye shida za ka gani a sama, nata kuma can ƙasa a layin godiya, in ma an tuna. Abin yana mata ciwo, ba ta taɓa cewa ba ya yi ba. Sai dai tana da abin da ba su da shi. Ta san duk lambar da suka rubuta daga hannunta ta fito, kuma tana alfahari da hakan har ya so ya yi yawa.

Shekara uku da suka wuce aka shiga dogon yajin aiki, wanda ya ci wata takwas. Aka sa wa ƙofar jami'a sarƙa, aka yanke wuta, famfo ya ƙafe. Malamai suka kwashi littattafansu suka tafi gida. Littafi yana iya jiran mai shi shekara guda. Sauro kuwa, kwana goma ba kulawa, zuriyar ta ƙare. Uwar Sauro ta roƙi mai gadi, ta ɗauko motar haya, ta kwashe keji huɗu da tire shida ta kai gidanta. Ta fitar da yadukan mijinta daga ƙaramin ɗaki yana ta mita, ta toshe taga da raga ninki biyu, ta ci gaba da aikinta a can.

Ruwa ne ya ba ta wahala. Na famfon unguwarsu yana da warin magani, tiren farko da ta zuba wa duk tsutsar ta taso sama a mace. Sai ta koma ga duron da ke bayan gida yana tarar ruwan sama, don duk mai wannan sana'a ya san ba abin da tsutsar sauro ke so kamar ruwan sama. Kullum sai ta tace shi da ƙyalle ninki huɗu. Wata rana da la'asar ta tarar tire ɗaya ya kusa ƙafewa, tsutsa na mutsu-mutsu a ɗan ruwan da ya rage, ƙyallen tatar kuma yana cikin wanki da sabulu a jikinsa. Ta ɗebo ruwan duro a kofi, ta ɗaga shi ga haske. Fes yake. Ta zuba.

Bayan kwana huɗu ta ƙirga tsutsar tiren. Ɗari biyu ta san ta sa, ga shi ta sami ɗari biyu da talatin da wani abu. Ta ce ƙila ƙirgen farko ne ta yi kuskure. A lokacin da kowace tsutsa ke da daraja a wurinta, murna ma ta yi. Ba za a ce ta manta da maganar ba. Ta dai ture ta gefe guda a zuciyarta, ba ta sake waiwayarta ba.

Da aka janye yajin aiki aka yi mata taro a sashen. Farfesa ya yi jawabi har muryarsa na rawa, aka ba ta takardar yabo cikin gilashi, mijinta ya kafa ƙusa ya rataye ta a falo.

Bana, ana saura wata biyu damina ta faɗi, wata hukuma ta aiko da samfurin gidajen sauro. Akwai dubbai a sito, za a raba wa ƙauyuka, ana so jami'a ta tabbatar da ingancinsu tukuna. Aikin ya faɗa hannun Dakta, wata malama mai yara biyu wadda ƙarin girmanta ya maƙale shekara huɗu saboda ƙarancin takardun bincike. Duk sashen ita kaɗai ce ba a taɓa yi wa faɗa a kan ƙofa ba. Mama take ce wa Uwar Sauro, kuma takan tsaya ta tambayi ciwon gwiwarta kafin ta tambayi sauro.

Gwajin ba shi da wuya. A kifa ɗan mazurari na roba a kan yankin gidan sauro, a zuƙo sauro biyar da bututu a hura su ciki, su yi minti uku suna taka ragar, a mayar da su kofin takarda a rufe. Washegari a ƙirga gawa. Uwar Sauro ta yi wannan ƙirge sau dubu. Ka buɗe akwati da safe, ka tarar duk sun zube a gindin kofi ƙafafu a sama.

Ran nan da suka buɗe, sai suka ji ƙara, 'yar siririya, tana fitowa daga kofunan. Cikin ɗari, talatin da ɗaya suna tsaye a jikin kofi, wasu ma suna shan ruwan sukarinsu.

"Mama, kin ga abin da nake gani?" in ji Dakta.

"Na gani."

"Gidajen nan ba su da kyau ke nan. Inna lillahi. Da yanzu an raba wa mutane."

Suka sake gwaji, talatin da huɗu suka tashi. Suka sake, ashirin da tara. Dakta ta shiga wani hali, rabi tsoro rabi zumuɗi, don irin wannan sakamako shi ke ɗaga sunan malami. Farfesa da kansa ya tako har ƙarshen baranda, abin da ya yi shekara bai yi ba, ya leƙa kofunan yana gyaɗa kai. Aka tsayar da ranar Laraba ta mako mai zuwa za a aika rahoto: kada a raba gidajen.

Uwar Sauro kuwa ta koma ta tsaya a gaban kejinta. Ta daɗe tana ganin wasu abubuwa tana kawar da kai. Sauronta na da, ragwaye ne, sai ta ɗora hannu ta yi ta jira kafin su sauko. Na yanzu tun kafin ta gama naɗe riga suke dukan raga. In an buɗe hannun keji, na da sukan lafe a kusurwa, waɗannan kuwa hanyar fita suke nema. Kuma damtsenta, wanda ya yi shekara ashirin bai san ƙaiƙayi ba, ya fara tashi ruɗu-ruɗu.

Ranar Asabar da hantsi, sashen ba kowa, ta buɗe firiji ta ɗauko sabon ƙunshin takardun gwaji, irin masu ɗauke da magani daidai awo, waɗanda ba a ko ɓare ledarsu ba. A kan waɗannan ba a taɓa samun sauronta ko ɗaya ya kwana ba. Ta sa ɗari. Lahadi da safe ta dawo. Tun daga ƙofa ta biyu ta jiyo ƙarar. Ashirin da takwas suna tsaye.

Ta zauna a kan kujerarta. Gidajen sauron lafiyarsu ƙalau. Ma'aunin ne ya lalace. Ƙwan sauron gari ya shigo cikin kofin nan na ruwan duro, ƙwan da ido ba ya gani, ya girma a tirenta, ta shayar da shi da jininta, ya auri 'ya'yanta. Shekara uku jinin taurin kai yana yaɗuwa a kejinta, ita kuma tana miƙa wa malamai ɗari-ɗari da hannunta.

Ta tarar da mijinta a kan keke yana ɗinka wuyan riga. Ta faɗa masa komai a tsaye, ko mayafi ba ta cire ba. Bai daina taka keken ba sai da ya kai ƙarshen layi.

"Wata nawa ya rage ki yi ritaya?"

"Goma."

"Wa ya gan ki kina zuba ruwan? Ni da nake gidan ma ban gani ba."

"Malam, ba maganar gani ba ce. In rahoton nan ya tafi, kulle gidajen za a yi a sito. Damina ta sauka, yara suna kwana a buɗe, alhali abin rufarsu yana nan lafiya lau."

"To ai su Farfesa ne masu ilimin. Su gano mana da kansu."

"Ba za su gano ba. Ba wanda ke gwada ma'auni. Sun yarda da ni."

Ya cire tabarau ya murza idanu.

"Tsoro nake ji miki, wallahi," ya ce. "Manyan nan in abu ya ɓaci, ƙasa suke dubawa su ga wa ke tsaye a wurin."

Ita ma tsoron take ji, kuma ba na kora kaɗai ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda za a riƙa faɗar sunanta a barandar nan bayan ta tafi.

Litinin da safe ta shiga ofishin Farfesa da takardar da ta rubuta sakamakon gwajinta. Ofis ne mai sanyi, da labule mai kauri da tulin kundayen ɗalibai har ƙasa. Ya tarbe ta da fara'a, don shi har yanzu Yaya yake ce mata in ba kowa, ko da yake ya girme ta. Ya saurare ta har ta gama. Fara'ar ta tafi a hankali.

"Yaya, kin tsorata kanki ne kawai," ya ce. "Takardun gwaji ma suna lalacewa a hanya. Kuma bari in kwantar miki da hankali. Hukumar nan ba mu kaɗai ta aika wa samfuri ba. Jami'o'i uku sun gwada, na yi magana da su jiya, duk abin da muka samu shi suka samu. Wuri huɗu ba za su yi kuskure iri ɗaya ba."

"Ranka ya daɗe, bayan yajin aiki sauronsu duka ya mutu."

"Haka ne."

"Wa ya ba su ƙwai suka sake farawa?"

Shi da kansa ya sa hannu a takardun da aka aika ƙwan da su, yana alfahari a lokacin cewa sashensa ne ya ceci kowa. Can ya fara lissafi a fili, kamar ba ta wurin: takardun bincike biyar a shekara uku, ɗalibai biyu da aka riga aka ba digiri na uku, baƙin da za su zo duba sashen a wata mai zuwa.

"Wa ya san wannan magana ban da ni?"

"Maigidana."

"Dakta fa?"

"Tukuna."

"Bar ta tukuna. Kada ki ɗaga mata hankali a kan abin da ba mu tabbatar ba." Ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya sa a aljihun tebur, ya murza makulli. "Za mu nemo sabon ƙwai daga waje a hankali, mu canza zuriyar, ba wanda zai ji. Ke ma ki fita da mutuncinki. Shekara ashirin da shida ba wasa ba ce."

"Rahoton fa, ranka ya daɗe?"

"Ki bar ni in yi tunani."

Talata bai zo ofis ba. Da azahar sakatariyar sashe ta ƙwanƙwasa ƙofar farko, ta ce Farfesa ya bugo waya, wai a karɓi makulli na biyu na ɗakin a hannunta, za a yi fenti ranar Alhamis, kuma ya ce Uwar Sauro ta ɗauki hutun mako biyu ta huta gwiwarta. Ɗakin da bai ga fenti ba tun da aka gina shi. Ta gane. Kafin ta dawo an share kejin, an wanke tire, ba sauran abin da wani zai gwada. Rahoton kuma kafin nan ya riga ya tafi. Ta ce wa sakatariyar makullin yana gida.

Laraba da ƙarfe takwas ta sami Dakta a ofis, rahoton yana gabanta an buga shi tsaf, saura sa hannu. Uwar Sauro ta ƙi zama. Ta faɗi maganar duro, da kofi, da tsutsa talatin da suka ƙaru, da gwajin Asabar. Ba ta rage komai ba, har da cewa ta ga alamu ta yi shiru.

Dakta ta ɗora hannu a kan rahoton.

"Takardata ta bara," ta ce. "Wadda na kai don ƙarin girma. Da su na yi ta?"

"Da su."

"Kin ga alamu tun yaushe?"

"Ya fi shekara."

"Shekara. Kullum ina shigowa ina gaishe ki." Idanunta suka ciko, ta kawar da kai wajen taga. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta jawo rahoton ta kifa shi. "Ba zan sa hannu ba. Zan rubuta wa hukumar yanzu in ce ma'auninmu ne ya ɓaci, kuma zan faɗi yadda aka yi, da sunan kowa. Kin ji ko? Da naki."

"Na ji."

"Sauran wurare ukun kuma nasu rahoton yana hanya. Ni ba zan kira su ba. Ke kika ba su, ke za ki faɗa musu."

Uwar Sauro ta bi barandar har ƙarshe. Ta rufe ƙofar farko, ta buɗe ta biyu. Zafin ɗakin ya tarbe ta, da ƙarar keji goma sha huɗu, dubban da suka ji ɗumin jikinta suka taso suna dukan raga. Yau ranar shayarwa ce. Ba ta naɗe hannun riga ba. Ta zauna, ta lalubo lambar farko a wayarta, ta wani dattijo mai irin aikinta a wata jami'a mai nisa, mutumin da ya yi tafiyar kwana guda a mota ya zo ya karɓi ƙwai a hannunta yana ta sa mata albarka.

Bugu biyu ya ɗauka.

"A'a, Hajiya da kanta! Yanzu nake maganarki. 'Ya'yanki suna nan sun yi ƙiba, ban taɓa ganin zuriya mai ƙarfi irin wannan ba. Sun yi mini yawa ma, har na raba wa wasu wurare bara. Kowa sai godiya yake."

Ta rufe ido.

"Malam," ta ce, "nemi wuri ka zauna, ka ɗauko biro. Su wa da wa ka ba wa?"